Fiffiken nutso na tukunya ɗaya: wanne zai daɗe a hannunka?

Wanda ya yanke shawarar barin rigar nutso mai kama da falmaran ya koma farantin baya da fiffike, tambayar da ya fi yi ita ce wane fiffike ne ba ya saurin mutuwa. Fiffike jakar iska ce da ke zama tsakanin farantin da ka goya da tukunyar iskar shaƙa. Kana hura ta ko ka sace ta domin ka tsaya daidai a cikin ruwa, kada ka nutse kuma kada ka taso.

Fara da girma, domin a nan ne mutane suka fi asarar kuɗinsu. Ana auna fiffike da nauyin da zai iya ɗagawa, yawanci da laba. Na tukunya ɗaya suna kamawa daga laba 18 zuwa 40. Aikinsa biyu ne: ya riƙe kayanka a saman ruwa ko ba ka cikinsu, kuma a ƙasa ya rama nauyin iskar da ke cikin tukunya da matsewar rigar robar da ake sawa a jiki don kare sanyi. Tukunyar alminiyam mai lita 11 da ake bayarwa haya a yawancin wuraren nutso tana ɗauke da iskar da ba ta kai kilo 3 ba. Don haka mai nutso a Bahar Maliya, a Dahab ko Hurghada ko Port Sudan, da riga mai kaurin milimita 3 zuwa 5, laba 30, wato kusan kilo 14, ta ishe shi. Sai mai shiga ruwan sanyi da riga mai kauri da tukunyar ƙarfe da dalma mai yawa ta ƙara nauyi ne zai nemi laba 40. Kada ka sayi fiffiken tukunya biyu da tunanin gaba. Faɗinsa zai naɗe tukunyar ta gefe biyu, iska ta maƙale a sama, ka yi ta fama ba ta fita.

Siffa kuwa, ɗauki mai kamar gammo, wanda iska ke zagayawa ko'ina a cikinsa. Mai siffar takalmin doki yana tara iska a ɓangare guda.

Yanzu maganar ƙarko. Fiffike iri biyu ne. Akwai mai fata ɗaya, inda yadin da kake gani shi ne ke riƙe iskar. Ba shi da nauyi, yana saurin bushewa, ya dace da mai yawan hawa jirgi, amma idan ya huje ko haɗinsa ya buɗe, gyaransa wahala ne. Akwai mai fata biyu: riga a waje, bilada a ciki, kamar ƙwallon ƙafa. Ni wannan nake zaɓa ba tare da wani jinkiri ba. Rigar waje ana yin ta da nailan mai ƙarfi, za ka ga an rubuta Cordura 1000 ko nailan 1680, lambar tana nuna kaurin zaren. Tana da amfani ga mai shiga tarkacen jiragen ruwa irin Thistlegorm, wanda ya nutse a 1941, inda ƙarfe mai tsatsa ke karce duk abin da ya taɓa.

Sai dai abin da ya fi kashe fiffike yana faruwa ne a kan tudu. Mutum ya haɗa kayansa, ya jingine a bencin jirgi, igiyar ruwa ta kaɗa, kayan su faɗi, bakin farantin ƙarfe ya cije bilada a kan daɓe. Ka duba rigar waje ka ga lafiya lau, ko zare bai tashi ba, amma ciki ya huje. Shi ya sa idan ka je saye, ka buɗe zif ɗin ka sa hannu ka murza biladar tsakanin yatsu biyu. Idan ta yi kama da ledar shago, ajiye. Mai kauri, musamman wadda aka haɗa yadi da roba, ita ce ke jure cizo. Ka tambayi mai shago ko ana sayar da biladar ita kaɗai, kuma ko zif ɗin zai bar ka ka ciro ta ka yi mata faci da kanka.

Haka tiyon hura iska da bawul ɗin fitar da ita. Fiffiken da aka yi da maɓallin hurawa da bawul na gama-gari ya fi, domin ko a ƙaramin shagon nutso za ka sami madadinsu. Wanda kamfani ya ƙera wa kayan gyara nasa na musamman zai sa ka zauna a jirgi kana kallon abokanka suna shiga ruwa.

Sunayen da za ka fi cin karo da su: Halcyon Eclipse da Dive Rite Voyager daga Florida ta Amurka, OxyCheq Mach V wanda aka sani da siranta da tauri, Apeks WTX-D30 daga Ingila, da xDeep Zeos daga Poland. Halcyon ya fi yawancinsu tsada. Ramukan noti a faranti suna da tazarar inci 11 a kusan dukkan kamfanoni, don haka kana iya haɗa fiffiken wannan da farantin wancan. Abin lura shi ne ko fiffiken yana da ramukan da ɗamarar tukunya za ta bi kai tsaye, ko sai ka ƙara sayen ƙarfen da ke riƙe tukunya ɗaya, wanda ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi a jaka.

Idan na hannu za ka saya, hura shi da baki har bawul ya fara fitar da iska, ka ajiye shi awa biyu ko uku, ka dawo ka matsa. Sannan ka kwance bawul ɗin ƙasa ka leƙa ciki. Idan ka ga gishiri ya daskare, mai shi ba ya ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan nutso, kuma wannan gishirin yana cin bilada daga ciki kamar yashi.