GARGAƊI: mai sayar da kafson "gyaran hanji" ya cinye min albashi, ya kwantar da mahaifiyata a asibiti

Jama'a, duk wanda ya ci karo da tallar wani kafso a Facebook, wai yana gyara bakteriyar hanji ya warkar da ciwon suga da ƙiba cikin wata uku, ya yi ta kansa. Ɗan damfara ne. Albashina na wata guda cur na tura masa, ya aiko min da roba shida, kuma yanzu da nake rubutun nan Umma ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba.

Kafin wani ya ce wauta ce, ku tsaya ku ji. Ni ba a yi min romon baka in zaro kuɗi. Sai da na titsiye shi da tambayoyi. Ya turo saƙon murya a WhatsApp, muryarsa a kwance, ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne, kada ka yarda da ni, je ka bincika da kanka." Wannan maganar ita ke ta yi min yawo a kai har yau. Je ka bincika da kanka. Wane macuci ne zai ce maka haka?

Na kuwa bincika, kuma abin da ya faɗa duk yana nan. Gaskiya ne cikin mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Gaskiya ne suna sarrafa harzar abinci da ciki ba ya iya narkarwa, su fitar da sinadaran da ke taimaka wa jiki wajen daidaita suga da jin ƙoshi. Ya ambaci binciken Jeffrey Gordon da mutanensa a Amurka: a 2013 sun ɗebi bakteriyar hanjin tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siriri, suka zuba wa ɓeraye, waɗanda suka sami ta mai ƙibar suka fi tara kitse. Na gani da idona. Ya kira sunan wata ƙwayar bakteriya, Akkermansia, wadda aka gano a Holan a 2004, ya ce ita ce a cikin kafsonsa. Ita ma tana nan a rubuce. To ku faɗa min, wa zai ji duk wannan bai sakankance ba? Uwata ce ke fama da allura da gwaji shekara da shekaru, nauyin jiki ya hana gwiwoyinta sakat.

Da na tura kuɗin... a'a, kafin nan ma sai da ya karɓi wani abu daban, wai kuɗin "tantance nau'in hanji", alhali ko bahaya bai nema a gwada ba, tambayoyi kawai ya yi ta waya. Wannan bai shiga lissafin albashin ba. Albashin daban, wata guda cur, na roba shida. Sannan ya ce in ba shi lambar Umma don ya riƙa bin lafiyarta. Ashe nan ne ya shirya cutar. Ya riƙa kiranta yana "Hajiya, ina kwana, ya ƙarfin jiki," har ya sa ta ajiye metformin, maganin ciwon suganta, wai yana kashe bakteriya masu amfani, kafson ba zai yi aiki tare da shi ba. Ni ban ce ta daina ba, ban ma sani ba. Ƙanwata ce ta lura Umma na ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana tashi fitsari cikin dare, tana cewa idonta na dishi-dishi. Da aka gwada sugan, a ranar aka ba ta gado.

Likitar da ta duba ta ta juya robar a hannu, ta nuna min: babu lambar rajista, babu ranar lalacewa, babu sunan ƙwayar ko adadinta, babu adireshin inda aka yi. Na tsaya a gabanta kamar an watsa min ruwan sanyi. Ita ce ta faɗa min cewa bincike ya nuna shi kansa metformin yana ƙara yawan Akkermansia a hanji. Ku duba girman zaluncin nan! Maganin da ke ƙara ƙwayar da yake taƙama da ita, shi ya raba ta da shi.

Sauran abin da ya ɓoye daga baya na tono. Ƙibar da ta bi bakteriyar tagwayen nan a jikin ɓeraye aka gan ta. Gwajin Akkermansia da aka wallafa a 2019 daga Beljiyam, mutum 32 kacal suka kammala shi, wata uku aka yi, kuma ba wanda aka ce ya warke daga ciwon suga. A Amsterdam an yi wa masu ƙiba dashen bakteriyar sirara, jikinsu ya ƙara amsa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, bayan mako shida, amma zuwa mako 18 amfanin ya gushe. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da aka yi daga bakteriyar bahaya a 2022 da 2023, amma don wata muguwar gudawa mai yawan dawowa, ba don suga ko ƙiba ba. Ya san wannan sarai. Wanda ya iya jero shekaru da sunaye haka ya san inda binciken ya tsaya, ya yanke shi da gangan.

Na kira shi daga asibiti, ya ce wai "guba ce ke fita", in ƙara roba biyu. Ina ɗaga murya ya kashe waya, ya toshe lambata. Shafin ma ya yi layar zana, amma an ce min ya buɗe wani da sabon suna, da hoton farar rigar nan dai ta likitoci. Wata guda na yi ina aiki, wata guda, ya tafi a roba shida. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ina da hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗi, da saƙonnin muryar, har wanda ya tura wa Umma. Zan ɗora su da zarar na goge lambarta daga ciki. Kada ku saya, kada ku ba kowa lambar mara lafiyarku, kuma kada mai ciwon suga ya ajiye maganinsa sai da izinin likitansa. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya yi min magana, ina tattara shaidu in kai ƙara.