Fender Rumble 500 a fagen wasa: sharhi ga masu kaɗa jitar bas a Zariya

Mai kaɗa bas da ke yawo tsakanin majami'a a Wusasa, dinar biki a Sabon Gari da taron ɗalibai a Samaru yana buƙatar amfilifayar da zai ɗauka da hannu ɗaya ya saka a Keke, kuma idan mai dram ya zafafa duka ba za ta nutse ba. Na yi aiki da Fender Rumble 500 a irin waɗannan wurare, na kuma gwada ƙanwarta Rumble 100 da Markbass CMD 121P. Hukuncina shi ne Rumble 500 ce ta fi dacewa da yawancinmu, amma da sharuɗɗa.

Kwambo ce, wato injin da sifika suna cikin akwati ɗaya. Sifika biyu ne masu inci 10, da ɗan ƙaramin ƙaho mai fitar da siririn sauti na sama wanda ake iya kashewa. Nauyinta bai kai kilo 17 ba. Don a gane girman wannan ci gaba, tsohuwar amfilifayar Ampeg SVT da ta fito a 1969 injinta kaɗai ya doshi kilo 40, akwatin sifikarta mai guda takwas kuwa ya wuce kilo 60. Abin da ya rage nauyin shi ne injin da ake kira Class D, wanda ba ya buƙatar katuwar taransifoma ta ƙarfe kuma ba ya zubar da wuta mai yawa a matsayin zafi, sai kuma katako marar nauyi da aka yi akwatin da shi.

Lambar 500 da ke jikinta tana ruɗin mutane. Idan ka kunna ta ita kaɗai, wat 350 take bayarwa, domin sifikun cikinta om 8 ne (om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne). Sai ka haɗa mata wani akwatin sifika mai om 8, jimilla ta sauko om 4, sannan take sakin wat 500 ɗin. Kada wannan ya dame ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙari ne da kunne ke ji amma ba mai yawa ba. Abin da ke sa a ji bas a fili shi ne yawan iskar da sifika ke turawa. Saboda haka ƙarin akwati yana taimakawa ne ta faɗin sifikar fiye da ta wat. Idan za ka ƙara, ka duba bayansa ka tabbata om 8 aka rubuta. Mai om 4 zai sa jimillar ta yi ƙasa da abin da injin zai jure, ta yi zafi ta ɗauke a tsakiyar waƙa. Kuma wayar sifika za ka yi amfani da ita, ba wayar jita ba. Bakinsu iri ɗaya ne, amma ta jita siririya ce a ciki, tana zafi, tana iya narkewa.

Sautinta mai kauri ne da ɗumi, irin wanda ke zama daram a ƙarƙashin fiyano da muryoyin kwaya. Zaren E, mafi kauri a bas mai zare huɗu, yana sauka har wajen haz 41 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), kuma tana riƙe shi da kyau. Masu bas mai zare biyar su sani cewa B na ƙasa, wajen haz 31, yana ɗan sassautawa idan an ƙure murya. Ana jin sa, amma ba ya dukan ƙirji kamar yadda babban akwati ke yi.

Inda na fi ganin ana ɓata ta shi ne wajen saiti. Akwai maɓallai uku a sama: Bright, Contour da Vintage. Contour yana da daɗi ƙwarai idan kana ɗaki kai kaɗai, domin yana rage sautin tsakiya ya bar ƙasa da sama. A fagen wasa kuwa wannan tsakiyar ce ke sa a bambanta notin da kake kaɗawa. Ka danna shi, sai bas ta zama gurnani kawai, ka yi ta ƙara murya ba ka jin kanka. Ka bar shi a kashe. Fara da dukan maɓallan gyaran sauti huɗu a tsakiya, kamar ƙarfe 12 na agogo. A zaure mai tayil da rufin kwano, irin yawancin wuraren biki a garin nan, mayar da na Bass zuwa ƙarfe 11 ko 10, ka ɗaga Low-Mid zuwa ƙarfe 1 ko 2. Kada ka cusa ta a kusurwar bango, nan ne sautin ƙasa ke taruwa ya yi kumfa. Idan dandamalin na katako ne mai rami a ƙasa, ɗora ta a kan kujera mai ƙarfi ko benci. Za ka ji kanka sosai tunda ta matso kusa da kunne, dandamalin kuma ya daina amsa kuwwa. Ƙahon nan na sama ina kashe shi, sai idan za a yi silaf, wato dukan zare da babban yatsa, domin da zare ya tsufa ko waya ta fara lalacewa shi ne ke fito da shuuu.

Tana da mafitar XLR a baya don tura sauti zuwa miksa, da maɓallin da ke yanke layin wutar ƙasa (ground) idan an ji ƙugi. Wannan maɓalli yana ceton wasa a wuraren da aka ja wuta daga soket daban-daban. Aibin da na samu a nan shi ne sautin da ke zuwa miksa yana bin maɓallin Master, mai ƙara ko rage muryarta gaba ɗaya. Ka ƙara wa kanka murya a tsakiyar wasa, ka ƙara wa dukan zauren ke nan, mai miksa ya shiga gyara. Maganinsa: ku daidaita da shi tun lokacin gwaji, ka bar Master inda yake. Ko kuma ka sayi ɗan akwatin DI, mai raba sautin jita ya tura wa miksa kai tsaye, ka sa tsakanin jita da amfilifaya, miksa ta ɗauka daga can.

Rumble 100 kilo 10 ce, sifika ɗaya mai inci 12. Daɗin ɗauka ba a magana. A ƙaramar majami'a ko wurin atisaye ta wadatar, haka ma inda akwai manyan sifikun taro masu ɗaukar bas, ita ta zama abin jin kai kawai. Amma a buɗaɗɗen fili, ga dram ga kalangu, ba bango da zai dawo da sauti, tana ƙarewa da wuri, kuma ba ta da wurin haɗa ƙarin akwati. Wanda ya saye ta don bikin waje zai sake sayen wata.

Markbass CMD 121P, ta kamfanin Italiya, ta fi su ƙanƙanta a ido: wajen kilo 13, sifika ɗaya mai inci 12 da maganaɗisu marar nauyi na niyodimiyam, wat 300 ita kaɗai, 500 da ƙarin akwati. Sautinta ya fi fitowa tsaf, kuma mafitarta ta miksa tana da zaɓin ɗaukar sauti kafin gyara ko bayansa, abin da na so a ce Rumble na da shi. Kuɗinta ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ke da hali kuma yake yawan hawa babur da kaya, ita ce tasa.

Yanzu maganar wuta, wadda a wurinmu ta fi komai kashe irin waɗannan na'urori. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Yawancin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka na bolt 120 ne, kuma Rumble ba ta da maɓallin sauyawa. Ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga kafin ka biya ko kwabo. Ta 120 idan ta shiga soket ɗinmu, nan take sashen wutarta ke ƙonewa. Za a ce maka ka sayi taransifomar rage wuta, amma wadda za ta ɗauki wannan aiki tana da nauyi sosai, sauƙin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, kuma ranar da wani yaro ya manta ya soka kai tsaye shi ke nan.

Ko ta 230 ce, sitabilaiza mai 2000VA da abin kare hawan wuta dole ne. Da janareta, a bar shi ya tashi ya daidaita tukuna, amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa. Lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta a kashe ta gaba ɗaya. Kada a haɗa ta layi ɗaya da firiza ko manyan fitilun dandamali. Doguwar wayar jan wuta siririya tana rage bolt, sai ka ji amfilifaya na ɗaukewa duk lokacin da ka daki zare da ƙarfi, a zaci lalacewa ta yi. Waya mai kaurin milimita 2.5 tana kawar da wannan. Na nanata haka ne saboda gyaran Class D ba kamar na tsofaffin amfilifayoyin Peavey ba ne da mai gyaran rediyo zai canza taransista biyu ta tashi. Sau da yawa allon ne gaba ɗaya za a canza, sai an aika Legas ko waje an jira.

Ƙurar hunturu ma tana da nata. Maɓallan Rumble a sama suke suna kallon sama, ƙura na sauka kai tsaye, bayan ɗan lokaci su fara ƙara-ƙara idan an juya. A ɗinka mata riga wajen masu ɗinkin kujera, da ledar ciki saboda damina. A riƙa share saman da busasshen buroshi, a fesa maganin wanke maɓalli idan ƙarar ta fara, ba man inji ba. A watannin Maris da Afrilu kada a bar ta cikin rana, kuma kada a jingina bayanta da bango ko labule. Fatar jikinta da kyallen gabanta ba su da juriyar gogayya, a Keke a shimfiɗa mata bargo, a tsayar da ita, kada a ɗora mata ƙarafan dram.

Idan ta hannu za ka saya, je da jitarka da wayarka. Kaɗa zaren ƙasa da ƙarfi na minti 15 ba tsayawa, domin matsalar zafi ba ta nunawa da wuri. Saurari kowace sifika daban ko akwai karkarwa, juya kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, ka sa a haɗa XLR da miksa a gabanka. Duba kusoshin bayanta: idan kawunansu sun cinye, an taɓa buɗe ta, ka tambayi abin da aka gyara da wanda ya gyara.