Fijo mai kilomita 42,000 ko Marsandi mai 280,000?

Malam, ka ce motoci biyu ne a gabanka: Fijo 504 da dillali ya ce ajiyar wani Alhaji ce, mitarta na nuna 42,000, da kuma Marsandi W123 mai 280,000 da ake hawa kullum. Kana tambaya wacce ta fi.

Fara da mitar. Yawancin motocin shekarun 1970 lambobi biyar ne a mitarsu, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Don haka 42,000 ɗin Fijon na iya zama 142,000, ko 242,000. Kar ka manta 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 ita ce ta yi tasi da jigilar tasha-tasha. Mitar W123 lambobi shida ce, amma ita ma tana da halinta: haƙoran cikinta kan sake, allurar gudu na aiki alhali ƙirgen ya tsaya cak. Ku zaga da ita, idonka a kan lambobin.

Jikin mota ba ya rufa wa dillali asiri. Leƙa robar da ake takawa ta birki da ta kuloci. Idan ta cinye har ƙarfe ya fito, ko kuma sabuwa ce fil a tsohuwar mota, da walakin. Duba santsin sitiyari, lotsawar kujerar direba, da yadda ƙofarsa ke sauka idan an buɗe. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2312 na nufin mako na 23, shekarar 2012.

Ko da Fijon ajiyar ce da gaske, zama ma ciwo ne: robobi su bushe, birki ya cije, tanki ya yi tsatsa. Marsandin da ke tafiya ta riga ta nuna cutukanta. Nata abin tsoron tsatsa ce, musamman idan 'yar Beljiyam ce da ta sha gishirin titin Turai ko ta daɗe a Legas. Ɗaga kafet, duba ƙarƙashin batir da wurin kafa jak.

Ni dai Marsandin zan ɗauka in ƙasanta lafiya, ko da yake kayan gyaranta sun fi tsada. Je da makanikinka da sassafe, a tayar da ita a gabanku inji na sanyi. Shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin mai take sha, sai a rage kuɗi.