Rediyon tauraron ɗan Adam: wanne zai yi magana a motarka, wanne sai a ɗaki

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ƙaninka da ke tuƙa tirela a Amurka ya cika maka kunne da labarin SiriusXM, rediyon tauraron ɗan Adam na can, wai daga Texas har Chicago tasha ɗaya yake ji ba ta yanke masa ba, kuma yana so ya aiko maka da irin akwatin ka sa a mota saboda doguwar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Kana son sanin ko zai yi aiki a nan, da kuma bambancinsa da rediyon da ake kamawa a dikoda, da wancan WorldSpace da ka taɓa jin labarinsa.

Ka yi masa godiya, ka ce ya riƙe kuɗinsa. Akwatin nan ko uffan ba zai ce ba a ƙasar nan. Taurarin SiriusXM Arewacin Amurka suke fuskanta, Amurka da Kanada suke wa hidima, siginarsu ba ta sauka a kanmu. Idan kana son shaida, leƙa cikin motocin Amurka da ake shigowa da su na hannu. Da yawa za ka ga wani maɓalli a jikin rediyon an rubuta SAT ko XM, a saman motar kuma ga ɗan ƙaramin eriya kamar ƙahon kifi. Na sha danna maɓallin nan a motar wani maƙwabcina. Allon zai nuna yana neman sigina, ya yi ta nema har ka gaji ka koma FM.

Amma abin da ƙaninka ya faɗa gaskiya ne, bai yi ƙari ba. Da can kamfanoni biyu ne suke gasa. XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius ya biyo baya a 2002. XM ya kafa taurarinsa a tsaye a wuri guda a sama, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, Sirius kuwa ya fara da guda uku masu kewayawa, ta yadda kullum akwai wanda ke can ƙololuwa bisa kan nahiyar. Kowa ya zuba kuɗi wajen sayen abin da zai ja mutane: Sirius ya ɗauki ƙwallon Amurka ta NFL da mai gabatar da shiri Howard Stern, wanda ya koma can a 2006, XM ya riƙe wasan baseball. Gasar ta cinye su duka biyun, suka haɗe a 2008. Abin haushi ga masu saye shi ne akwatin wannan ba ya kama na wancan, har bayan haɗewar ma an daɗe a haka.

Yau dai tashoshi ne fiye da ɗari, kiɗa iri-iri, labarai, wasanni, barkwanci, har da BBC ta Turanci, kuma masu biyan kuɗin wata sun haura miliyan 30. Sirrin da ya sa yake aiki a mota shi ne zangon da suke amfani da shi, wajen gigahaz 2.3, wanda ɗan eriya da bai kai tafin hannu ba yake kamawa ba sai an saita shi ba. A cikin manyan birane, inda dogayen gine-gine ke tare sama, sun kafa na'urori a ƙasa masu maimaita siginar. Kowane akwati yana da lambarsa, da ita ake buɗe shi idan ka biya, da ita ake rufe shi idan ka daina. Ka ga ashe ko da siginar ta iso, akwai sauran magana.

Wanda aka yi dominmu shi ne WorldSpace, kuma har yau idan na tuna shi sai raina ya sosu. Noah Samara, wanda aka haifa a Habasha, shi ya kafa kamfanin a 1990, da nufin mutumin ƙauye a Afirka ya ji labari da ilimi da murya garau ba tare da ya jira gwamnatinsa ta kafa masa tasha ba. An harba tauraron AfriStar a 1998, aka fara watsawa a 1999, AsiaStar ya bi a 2000. Kamfanonin Japan irin su Hitachi, JVC, Panasonic da Sanyo suka ƙera akwatunan farko.

Na ga ɗaya da idona a gidan wani kawuna. Eriyansa wani ɗan fefe ne shimfiɗaɗɗe, kamar murfin ƙaramar tukunya, mai doguwar waya. Yakan ɗora shi a kan katanga ya ɗan karkata shi gabas, ya dawo ya zauna kan tabarma. Mu da muka saba da shuuu da ƙaraurawar gajeren zango, jin murya tana fita tas kamar mutumin yana zaune a zauren ya ba mu mamaki. Amma idan wani ya gitta ta gaban fefen nan, ko iska ta ture shi, sai maganar ta ɗauke ɗif. Ba ta raguwa a hankali yadda gajeren zango ke yi, ko dai akwai ko babu.

Me ya kashe shi? Kuɗi. Akwatin ya yi tsada ƙwarai ga mutanen da aka ce dominsu aka yi, alhali ɗan rediyon kasuwa da batir biyu yana kawo musu BBC Hausa tun 1957 da Muryar Jamus tun 1963, cikin harshensu, kyauta. Daga baya kuma aka sa kuɗin wata. A daidai lokacin ne tashoshin FM masu zaman kansu suka fara yawa a garuruwanmu, suna maganar taki da ruwan famfo da siyasar unguwa, abin da tauraron da ke ɗaukar nahiya guda ba zai iya ba. A 2008 kamfanin ya bayyana karyewa a kotun Amurka. Saboda haka idan ka ci karo da akwatinsa a wajen masu tsofaffin kaya, kada wani ya ce maka gyara kaɗan yake so. Tashoshin ne babu.

Saura na ukun, wanda nake kyautata zaton yana gidanka yanzu haka. Ɗauki rimot ɗin dikodarka ta kyauta, irin su Strong, ka nemi maɓallin da ke sauya talabijin zuwa rediyo. Mutane da yawa sun shekara da dikoda ba su taɓa danna shi ba. Idan dish ɗinka yana kallon Nilesat ko Arabsat, waɗanda aka fi saitawa a nan saboda tashoshin Makka da Madina, za ka tarar da jerin gidajen rediyo, cikinsu har da na Alƙur'ani na Saudiyya da na Alƙahira, ba ko sisi. DStv ma yana da nasa tashoshin sauti, na kiɗa da na labarai, sai dai shi idan kuɗin wata ya ƙare sai ka sake biya.

Idan ka jera su, SiriusXM ya fi kowa yawan shiri da sauƙin tafiya da shi, amma ba namu ba ne, kuma ko Hausa ɗaya babu a ciki. Na dikoda yana da murya mai kyau kuma yana kamawa a nan, amma ɗaure yake da gida: dish sai an kafa shi an saita shi daidai, ya goce kaɗan komai ya tafi, yana son wutar lantarki, kuma da damina idan hadari ya haɗu ruwa ya tsuge sai ya ɗauke, domin zangon da yake amfani da shi ruwan sama na shanye shi. A mota mai tafiya kuwa ba ma a maganarsa.

Ni a ganina, don hanyar Maiduguri, tunda ƙanin naka ya yi niyyar alheri, ka ce ya aiko maka da rediyon hannu mai kyau mai gajeren zango da FM, irin na Sony ko Tecsun, da batir mai caji. FM zai raka ka har ka wuce Wudil, ka sake kama wata tashar idan ka kusa wani babban gari. Inda duk suka ɗauke, idan ka tsaya salla a Potiskum ko Damaturu, ka fito da shi waje, ka zare eriyan gaba ɗaya, ka laluba tsakanin mita 16 zuwa 41 a lokacin shirin Hausa.