DDU, GPU-Z da FurMark: abin da kowanne ya yi min da allona ya fara hauka

Kusan wata biyu kenan kwamfutata ta fara wani irin iskanci, ina cikin buga gem ko ina haɗa bidiyo sai in ga wasu ɗigo-ɗigo kore da ja sun watsu a allo kamar an watsa yashi, wani lokacin layuka ne za su miƙe daga sama har ƙasa, can kuma sai allon ya yi baƙi ƙirin ya dawo, Windows ta leƙo da ɗan saƙon nan a gefe wai direban allo, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin hoto, ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Da farko na share, na ce zai wuce. Bai wuce ba, sai ma ƙaruwa.

Saƙon nan ashe yana da ma'ana. Windows tana ba katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da kake gani a allo, sakan 2 ne ya amsa mata, in ya yi shiru sai ta kashe direban ta sake tayar da shi, shi ne baƙin da kake gani na ɗan lokaci, kuma in ka buɗe Event Viewer, wajen da Windows ke ajiye rahoton abubuwan da suka faru, za ka tarar ta rubuta shi da lamba 4101. Ni da na duba nawa sun jeru reras. Amma saƙon ba ya gaya maka dalilin shirun, ko direba ne, ko zafi, ko wuta ce ba ta isar katin, ko katin ne ma ya kama hanyar mutuwa.

Kafin in sauke komai sai da na yi gwajin da ba ya buƙatar manhaja. Na canza kebul ɗin HDMI, na jona wata monita, duk ɗaya. Sai na ɗauki sikirinshot lokacin da ɗigon suka fito na tura wayata, sai ga su raɗau a cikin hoton, to ka ga monita da kebul sun fita daga zargi, don da laifinsu ne hoton zai fito fes tunda ana ɗaukarsa ne tun kafin ya bi kebul. Na shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, kuma na ga allon garau babu ko ɗigo, wannan ne ya ɗan kwantar min da hankali, domin in tun a BIOS kana ganin datti, inda direban katin bai ma tashi ba, to yawanci katin ne da kansa.

DDU, wato Display Driver Uninstaller, na fara gwadawa saboda duk wanda ka faɗa wa matsalar allo shi zai fara ambata maka kamar maganin kowace cuta. Kyauta ne, Wagnardsoft ke yinsa, aikinsa ɗaya tak, ya kwashe direban katin hoto gaba ɗaya har da burbushin da cirewa ta hanyar da aka saba ke bari, ko na NVIDIA ne ko AMD ko Intel. Yadda na yi, na fara sauke sabon direba na ajiye, na cire intanet don kar Windows ta yi min shisshigi ta saka nata kafin in ankara, na shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, na buɗe DDU na zaɓi irin katina na danna Clean and restart. Da ta tashi sai komai ya zama ƙatoto a allo, kar wannan ya tsorata ka, direban wucin gadi na Microsoft ne ke riƙe da allon kafin ka saka na gaske. Aikin tsaf wlh, ban ga abin kushewa ba, fuskarsa dai ba wani kyau gare ta ba amma wa ya zo kallon kwalliya. Kwana biyu shiru har na fara murna, ran na uku ina tsakiyar gem sai ga ɗigon nan sun dawo abinsu. Ban ga laifin DDU ba, abin da aka yi shi dominsa ya yi, kuma a ranar na cire direba daga jerin waɗanda nake tuhuma.

GPU-Z ne ya kama ɓarawon. Ɗan ƙaramin abu ne na TechPowerUp, ba sai ka yi instol ba ma, ka buɗe kawai ka je shafin Sensors, zai nuna maka zafin katin da gudun fanka da nauyin aikin da ke kansa, kuma akwai wajen da za ka danna ya riƙa rubuta komai a fayil, wanda shi ne ya fi min amfani don ai in allo ya ɗauke ba ka ganin komai, sai daga baya ka buɗe fayil ɗin ka ga abin da ya faru dab da ɗaukewar. Abin da ya buɗe min ido shi ne layin Hot Spot. Ni duk tsawon lokacin nan zafin gaba ɗaya nake kallo, in ga tamanin da wani abu in ce ai da sauƙi, ashe wajen da ya fi zafi a jikin cif ɗin ya haura 100, fanka kuma na ta ihu a ƙarshen gudunta. In tazarar lambobin nan biyu ta yi faɗi haka to zafin ba ya ratsawa zuwa ƙarfen sanyaya yadda ya kamata, galibi man da ake shafawa tsakanin cif ɗin da ƙarfen don ya kai zafin ne ya bushe. Ba kowane kati ke nuna Hot Spot ba fa, tsofaffi da yawa ba su da shi.

FurMark kuma don in tabbatar na kunna shi, manhaja ce mai nuna wani zobe mai gashi da ke juyawa a allo yana matse kati iya matsa. Ko minti uku bai yi ba ɗigon suka bazu, na kashe da sauri. Ya yi min amfani tunda ya sa matsalar ta fito lokacin da na ga dama maimakon in zauna jiranta, amma gaskiya ba abin da za ka kunna ka tafi harkarka bane, musamman in dama kana zargin zafi. Ka sa GPU-Z a gefe idonka na kan lambar.

Gyaran kansa da hannu aka yi shi, babu manhajar da za ta yi maka. Na kashe na cire wuta, na zare katin, ƙurar da ta cushe tsakanin ƙarafan sanyayar nan kamar an saka bargo, na hure ta ina riƙe da fanka da yatsa don kar iska ta juya ta fiye da ƙima. Da na kwance sukurorin baya na ɗaga, man ya bushe ƙamas har yana farfashewa kamar busasshen laka. Na goge shi da sifirit ɗin aisofurofil, na shafa sabo, na yi hankali da 'yan katifun da ke kan memori don in suka yage wani aikin ne kuma, sannan na ɗaure sukurori ɗaya nan ɗaya can a gicciye kaɗan-kaɗan don ya zauna daidai. Wanda katinsa ke da garanti dai ya fara duba sharuɗɗansa kafin ya taɓa sukuro. Wajen mayarwa na tabbatar katin ya shige ramin har maƙallin ya ce ƙas, kebul ɗin wutan nan mai fil 8 shi ma na danna shi sosai, shi kaɗai an ƙayyade masa wat 150, ramin kuma 75, in ya yi sako-sako kaɗai ya isa ya riƙa ɗauke maka allo.

Wani ya ce min wai da na gasa katin a oven da tuni an wuce wajen. Haba malam, katin da zafi ke neman kashewa shi zan ƙara wa wuta? Ko waɗanda dabarar ta yi wa aiki ma yawanci na ɗan lokaci ne. In bayan duk wannan datti bai tafi ba, ko Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, na nuna maka Code 43, alamar ta dakatar da katin saboda matsala, to a fara zargin memorin katin, za ka iya rage gudunsa da manhajar MSI Afterburner ka ga ko zai lafa, amma lallaɓawa ce kawai.

Nawa dai na sake kunna FurMark minti goma sha biyar zoben na ta juyawa babu ɗigo ko ɗaya, Hot Spot ya sauko sosai, fanka ta rage surutu. Jiya na leƙa Event Viewer, 4101 na ƙarshe da ke ciki tun na ranar da na kwance katin ne.