Daga Berlin: faifan techno mai sanyi, da abin da ya cancanci a sayo a kai gida

'Yan uwa masu harkar sauti a Kano da Kaduna da Jos, gaisuwa mai yawa. Kun sha tambayar wane irin kiɗa ne wannan da mutanen Berlin ke zuba wa kuɗi, ba mawaƙi ba amshi, kuma kiɗa ɗaya sai ya ci minti goma sha biyu. Amsar ita ce daɗinsa yana ɓoye a wurare biyu, cikin bes mai zurfi da cikin ƙananan sautukan da ke can ƙasa-ƙasa, kuma su ne wayar hannu da fayil ɗin da aka matse suke fara zubarwa. Shi ya sa wanda ya ji shi a lasifikar waya zai ce ba komai a ciki.

Kiɗan kashi biyu ne da suke shiga juna. Akwai ambient, wanda sau da yawa ba ganga a cikinsa sam, sai dogon amo da ke sauya launi a hankali. Brian Eno ne ya yaɗa sunan a 1978. Akwai kuma techno mai zurfi, bugu 120 zuwa 130 a minti, wanda Mark Ernestus da Moritz von Oswald suka gina a nan tun 1993 da sunan Basic Channel, suka haɗa bugun Detroit da dabarun dub na Jamaika, wato reggae da ake sarrafawa da amsa-kuwwa. Ana ɗaukar gajeren amo guda, a tura shi cikin na'urar amsa-kuwwa, a riƙa buɗewa da rufe matatar sauti kaɗan-kaɗan, har kunne ya daina jiran abin da zai zo ya koma lura da abin da ke nan. Wanda ya saba zama ya saurari dogon kiɗan garaya ko goge ba zai sha wuyar gane wannan haƙurin ba. Su ma sun waiwayo yankinmu: Ernestus yana aiki da makaɗan Senegal a ƙungiyar Ndagga Rhythm Force, von Oswald kuma ya yi faifai da marigayi Tony Allen, makaɗin Fela.

Babban bambancin nan da gida shi ne shago. Hard Wax, wanda Ernestus ya buɗe a 1989, yana da garmaho a jere da hedifon. Ka zaro faifai, ka ɗora allura, ka saurara a tsanake, in bai yi maka ba ka mayar, ba wanda zai ɓata rai. Sabon faifai mai kiɗa biyu zuwa huɗu yakan kama yuro 12 zuwa 16, kundi mai faifai biyu kuma yuro 25 zuwa 35. A gida mai turi zai cika maka memori da ɗaruruwan waƙoƙi da kuɗi kaɗan, kuma wajen araha da sauri ba abin da ya kamo shi a nan. Sai dai akasarin abin da yake turawa MP3 ne mai nauyin 128, wani ma an sake matse shi sau biyu ko uku a hanya. Waƙar da murya ke gaba tana iya jure hakan. Ambient ba ya jurewa: wutsiyar amsa-kuwwa sai ta koma kamar ana motsa ruwa a gwangwani.

Abin da ya fi cancanta masu situdiyo su koya shi ne gyaran ƙarshe. A nan sana'a ce mai zaman kanta, ba wanda ya haɗa kiɗan ne ke yi ba. Mutanen Basic Channel sun kafa ɗakin yankan faifai, Dubplates & Mastering, a 1995, domin su riƙe wannan matakin a hannunsu. Dokokin yanka ba su da wasa. Bes ɗin da ke ƙasa da kimanin 150 Hz dole a tattara shi tsakiya, in aka bar shi yana yawo hagu da dama ramin faifan zai riƙa zurfi da tudu, allura ta yi tsalle. Tsawon gefe yana cin ƙarfin sauti: minti goma zuwa goma sha biyu yana fita da ƙarfi, in ya haura ashirin sai an rage ƙara da bes, tsakin faifan ya fito fili. Saboda haka ne kundin ambient na sa'a guda yake zuwa a faifai biyu, gefe huɗu. Sannan yayin da allura ke matsowa tsakiya sautuka masu kaifi suna dushewa, don haka ake ajiye kiɗa mafi laushi a ƙarshen gefe. Ko ba za ku taɓa buga faifai ba, dokar bes ɗin nan za ta gyara muku yadda kiɗa ke fita a manyan lasifikun biki. Kuma ku daina danne sauti har ya zama shafe ɗaya. Irin wannan kiɗa yana rayuwa ne da tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara.

Shin a sayo faifai a kai gida? Ga mafi yawan mutane, a'a. Roba ce, zafi yana lanƙwasa ta. Awa biyu a cikin motar da ke tsaye a ranar Afrilu ya isa ya mai da shi kamar faifan rufe ƙwarya, kuma da wuya ya miƙe. Ƙurar hunturu tana shiga rami, busasshiyar iska tana sa shi janyo ta, kuma a kiɗan da rabinsa shiru ne kowane ƙwayar ƙura sai an ji ta. Ga nauyi: guda hamsin da kwalayensu sun kai kilo goma sha biyu, rabin jakar jirgi mai kilo 23. Wanda ya dage sai ya ajiye su a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da bangon da rana ke duka, ya kuma sayi buroshin share su. Wutar Jamus da ta Najeriya duk 230 ce da 50 Hz, bakin fulogi ne kawai ya bambanta. Matsalar janareta ce. Garmahon da injinsa ke bin bugun wuta kai tsaye zai riƙa sauri da sanyi in janareta ya yi tangal-tangal, kuma dogon amo shi ke tona wannan tun a daƙiƙar farko. A nemi mai makullin kwaz, wato mai na'urar da ke daidaita gudun juyawa, irin Technics SL-1200. Kada a manta da ƙaramar amfilifayar garmaho, domin sautin allura ya yi rauni ya shiga mikisa haka nan, a kuma ɗaure siririyar wayar ƙasa, in ba haka ba gurnani zai cika lasifika.

Hanya mafi dacewa ita ce fayil mai cikakken nauyi. A Bandcamp, shafin sayar da kiɗa ta intanet, kundi yakan kama yuro 7 zuwa 10, ka zaɓi irin fayil ɗin da kake so. WAV yana cin kusan MB 10 a minti, wato 600 ga kundin sa'a guda. FLAC yana rage kusan rabi ba tare da ya taɓa sautin ba, shi ne zaɓin da ya dace. In data ta yi tsada, MP3 mai 320 yana tsayawa a wajen MB 145 kuma ba ya kunyata mutum. A tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin saƙon murya ba, don kada manhaja ta sake matse shi.

In kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi, hedifon za a saya. Beyerdynamic DT 770 Pro, ƙirar Heilbronn, yana rufe kunne ya tare ƙarar janareta, kuma ana sayar da soson kunnensa daban in ya lalace. A kula da lambar da ke jikinsa: mai 32 ko 80 ohm waya da kwamfuta za su iya tuƙa shi, mai 250 zai fito a raunane sai da akwatin sauti. Wajen saye nan ya fi gida kwanciyar hankali. Doka ta ba da kwana 14 na mayar da abin da aka saya ta intanet da shekara biyu na alhakin mai sayarwa, shagon kayan kiɗa na Thomann ma yana ba da kwana 30 da garantin shekara uku. Amma garantin ba zai biya kuɗin dawo da kaya daga Kano ba, don haka a gwada komai sosai kafin a tashi. Harajin kashi 19 da ke cikin farashi kuwa baƙo ne kaɗai ke iya karɓo shi, ba mazaunin Tarayyar Turai ba: sayayyar ta wuce yuro 50, a nemi takardar fitar da kaya a shago, kwastan su buga mata hatimi a filin jirgi, kayan kuma su bar Tarayyar Turai cikin wata uku.