Salansa mai inci 4 a Ram 3500: garejin da ya hana ni sayen inci 5

Duk wanda ke jan tirelar motocin gwanjo daga Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka zuwa tashar ruwa ta Baltimo ya san inda injin dizal ke shan wuya: tsaunukan hanyar I-68, tsakanin Morgantown da Cumberland. Motata Ram 3500 ce ta 2001, mai injin Cummins lita 5.9, kuma bututun salansar da ta zo da shi daga kamfani faɗinsa inci 3 ne. Ga lodi, ga hawa, hayaƙi bai samun hanyar fita da wuri, sai zafi ya taru a manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin inji.

Wani ƙaramin garejin walda na kai ta a kudancin gari, dattijo ɗaya da yaransa biyu. Na ce inci 5 nake so. Ya ɗaga bonet ya nuna mini bakin turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska, ya ce ƙofar nan inci 3 ce, injin da ba a ƙara wa ƙarfi sosai ba inci 4 ya wadatar da shi, abin da inci 5 zai ƙara mini gunji ne kawai a cikin mota. Wannan maganar ta sa ya shiga raina, don kuɗinsa ya rage da bakinsa.

Kafin ya yanke komai ya nace a sa malejin zafin hayaƙi. Ya huda manifol ya dasa tsinken awon kafin turbo, ba bayansa ba, domin a baya allura kan nuna ƙasa da ainihin zafin da digiri 200 zuwa 300. Iyakar da masu Cummins ke kiyayewa a dogon hawa ita ce digiri 1,250 a ma'aunin Faranhait, kusan 680 ke nan a Salsiyos. Fistin alminiyam ne, ba ya yafe ganganci. Da tsohon bututu allura na taɓa wannan iyaka tun ban kai rabin hawa ba, dole in sassauta totur. Yanzu a hawa ɗaya da lodi iri ɗaya tana tsayawa ƙasa da nan, ina sauke giya ɗaya ta ƙara lafawa.

Aikin hannunsa abin a tsaya a kalla ne. Lanƙwasar bututun ba ta matse ba, faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba irin wadda ake gani ta tattare kamar wuyan tsohuwar riga ba. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ya sa, lamba 409, saboda gishirin da ake watsawa a titunan Ohayo lokacin ƙanƙara. Ya faɗa mini gaskiya cewa bayansa zai yi ja, amma ba zai ɓule da wuri ba. Lamba 304 ya fi kyau da ƙarko, aljihuna ne bai kai ba.

Inda na fi yaba masa shi ne kula da zafin da bututun ke watsawa. Na so a naɗe shi duka da ƙyallen zafi, ya ƙi, ya ce ƙyallen na riƙe ruwa da gishiri ya cinye ƙarfe ta ciki. Ya ɗaura garkuwar kwano a inda bututun ya kusanci ƙasan kujerar fasinja, wata kuma kusa da tayar safaya, ya bar tazarar yatsu biyu don iska ta ratsa. Da can ƙasan motar kan yi ɗumi har ta cikin takalmi, yanzu babu.

Akwai abin ƙorafi. Motar ta kwana a wurinsu fiye da yadda aka yi alkawari, ga mai neman abinci da ita wannan asara ce. Wani maɗauri kuma ya saki, bututun ya riƙa bugun shasi, na koma suka gyara kyauta. Kuɗi ya haura dala dubu har da maleji. Mai kuwa, ban ga ragin da zan yi rantsuwa a kai ba.

'Yan'uwa masu injin 6.7, wanda ya fara a tsakiyar 2007, ku sani dattijon ba zai cire muku matatar hayaƙi ba, dokar Amurka ta hana. Daga bayan matatar kawai yake sauya bututu, kuma zai faɗa muku wannan ba ya rage zafin inji. Mai tsohuwar 5.9 da ke jan kaya, ya je da sassafe ranar aiki, ya kuma tanadi kuɗin maleji tun daga gida.